Mai Rawar Kai: Yadda Hausa Ke Siffanta Wanda Abu Kaɗan Ke Tayarwa

A ƙasar Hausa, kafin maganar aure ta yi nisa akan tura dattijo ya yi bincike a unguwar su yarinya, su ma dangin yarinya su aika a binciko musu halin yaron. Maƙwabta ba kasafai suke fitowa fili su kushe ɗan wani ba. Sai dai bayan an gaisa, an yi 'yan kewaye-kewaye, a ji wani ya rage murya ya ce, "To, Alhaji, yarinyar ba ta da wani aibu, sai dai akwai 'yar rawar kai." Wannan guntun zance ya isa ya sa a koma gida a sake shawara. Ba a ce ta ɗauki kayan wani ba, ba a ce tana zagin manya ba. Abin da aka faɗa kawai shi ne kanta ba ya zama wuri ɗaya.

Mai rawar kai shi ne mutumin da abu kaɗan ke tayarwa. Baƙo ya yi sallama, shi ne farkon tarba, shi ne kuma mai dogon bayani. An sayo sabuwar waya, sai ya latsa ko'ina kafin mai ita ya gama duba kwalinta. An fara ba da labari, ya fashe da dariya tun ba a kai wurin dariyar ba. Yakan yi alkawari bai auna aljihunsa ba, ya amsa tambayar da aka yi wa wani. Ba mafaɗaci ba ne, don wannan sunansa mai zafin kai ko mai saurin fushi. Ba wawa ba ne kuma. Sau da yawa ma yaran da malamai ke kuka da rawar kansu su ne ke riga kowa gane karatu. Inda gizo ke saƙa shi ne, da zarar abu ya faɗo masa a rai, jikinsa ya riga ya aikata.

Mai nazarin harshe zai fara lura da cewa Hausa ba ta ba wannan mutum kalma guda ba. Ta haɗa uku ne: mai, da rawa, da kai. Wannan ba gazawa ba ce, tsarin harshen ke nan. Sifofin asali a Hausa, waɗanda ba daga wata kalma aka samo su ba, 'yan kaɗan ne, irin su babba, fari, baƙi, ja, dogo, sabo da mugu. Ana gane su da yadda suke bin jinsi da adadi: dogo, doguwa, dogaye; sabo, sabuwa, sababbi. Masanin harsuna R. M. W. Dixon, a wata shahararriyar maƙala da ya fitar a 1977, ya saka Hausa cikin harsunan da sifofinsu na asali ba su wuce kimanin dozin ba, ya kuma kawo Ibo da take da takwas kacal. Abin da ya gano shi ne, harsunan da ke da ƙarancin sifofi sukan keɓe su ga girma, da launi, da shekaru, da kyau ko muni. Halayen ɗan Adam kuwa, irin su kishi, wayo da fara'a, sukan bar su a matsayin suna.

Haka Hausa ta yi. Hali a wurinta abu ne da mutum ke da shi ko yake yi, sai a ɗauko "mai" a liƙa: mai haƙuri, mai kunya, mai rawar kai, jam'i kuma masu rawar kai. In babu halin, a ce maras ko marasa. Akwai wata hanyar, ta ɗafa "ma" a gaban kalma, wadda ta ba mu matsoraci, maƙaryaci da mahaukaci, amma kunne na jin bambanci: maƙaryaci tambari ne da ya manne, alhali "yana rawar kai" na iya zama zancen yau kaɗai. Shi ya sa uwa za ta ce wa ɗanta, "Kai, daina mini rawar kai a gaban baƙi," tana da yaƙinin abu ne da ake iya ajiyewa.

Ita kuwa rawa, yawancin mutane da sun ji ta sai hankalinsu ya tafi dandali, wurin kalangu da 'yan mata. To amma kalmar na da wata ma'ana da ake amfani da ita kullum ba tare da an lura ba, wato kaɗawa ko karkarwa. Haƙorin yaro na rawa kafin ya fita. Teburin da ƙafarsa ɗaya ta gajarta yana rawa. Mai zazzaɓin cizon sauro yana rawar sanyi, wanda hunturu ya kama a waje yana rawar ɗari. Har kujerar mai mulki akan ce tana rawa in an fara ƙishin-ƙishin ɗin tsige shi. Wannan rawa ta biyu, wadda mutum ba shi ya shirya ta ba, ita ce ke cikin rawar kai. Rawar dandali tana bin kiɗa, tana da taku. Wannan kuwa ba mai kiɗa, ba mai tsari. Tsofaffi sun samo mata kwatanci daga sana'ar kaɗi: jikinsa na rawa kamar mazari. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta murza mazari a kan taskira tana jan zare ya san abin da ake nufi, domin sandan yana tsaye wuri guda amma ko daƙiƙa ɗaya ba ya natsuwa.

Wurin da abin ya fi daɗin nazari shi ne, Hausa ta raba wannan rawa ga gaɓoɓi, kuma hukuncin da ake yanke wa mutum ya danganta da gaɓar da ta motsa. Rawar jiki sau da yawa yabo ce. A ce, "Da muka je, jikinta na rawa ta kawo mana ruwa da fura," ana nufin an karɓe su hannu bibbiyu, ba a yi musu yanga ba. Yaron shago mai rawar jiki kan aikin maigidansa shi ake yi wa tanadin jari. Surukin da ba ya rawar jiki in iyayen matarsa sun zo, za a daɗe ana maganarsa. Rawar ƙafa ta ɗan sauko ƙasa, akwai zolaya a cikinta: ita ce ta saurayin da ke sintiri a ƙofar gidan su budurwa, ko ta ɗan siyasar da ke kai gwauro yana kai mari a gidan wanda ya ci zaɓe. Rawar murya da rawar baki kuma na mai tsoro ne, ko mai ƙarya, ko wanda labari ke cin sa ya matsu ya fesar. Amma da rawar ta hau kai, yabo ya ƙare. Ba wanda ake yaba wa da rawar kai.

Dalilin yana cikin kalmar kai ɗin. A Hausa kai ba ƙoƙon da ke bisa wuya kaɗai ba ne, shi ne mutum ɗungurungum: ni da kaina, ta cuci kanta, sun yi wa kansu. Kuma a kansa aka rataya tarin halaye: girman kai, taurin kai, son kai, duhun kai, wayewar kai. Jiki na iya rawa alhali mai shi yana riƙe da linzami. In kai ne ya yi rawa, to mai riƙon linzamin ne da kansa ya rasa mazauni. Daga nan ne aka sami wata ma'anar ta daban, wadda ba ta yara ba ce: "Tun da aka ba shi muƙamin nan kansa ke rawa." A nan ba ana zancen ɗabi'ar haihuwa ba ne, ana nufin samu ya fi ƙarfin mai shi.

Rawar kai tana da dangi, kuma masu magana sukan cakuɗa su duk da cewa kowace da gurbinta. Ɗoki shi ne mafi tsabta a cikinsu: ɗokin ganin uwa bayan doguwar tafiya, ɗokin yara a daren sallah sun sa sababbin takalma a ƙarƙashin matashi. Babu laifi a ciki, har manya na yi. (Masu rubutu a waya da ba sa saka ƙugiya sun mai da shi doki, sai ka ga an rubuta "ina dokin ganinka", kamar da sirdi za a zo. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 domin raba irin wannan gardama.) Zumuɗi ɗoki ne da ya fito fili har ya fara ba mai shi kunya. Ana iya ɓoye ɗoki a zuci, amma zumuɗi sai an gani: ango ya iso wurin ɗaurin aure tun ba a shimfiɗa tabarmi ba. Azarɓaɓi kuma shi ne saurin tsoma baki ko hannu kafin lokaci ya yi, irin na wanda ake cewa ya riga malam masallaci. Garaje na mai afka wa aiki da ƙarfi ba lissafi ne, shi ya sa aka ce garaje ba ƙarfi ba ne. Sai giggiwa, ta yaron da ya ga idon baƙi ya san ba za a dake shi yanzu ba.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne na lokaci. Ɗoki da zumuɗi suna da sanadi, in sanadin ya wuce su ma sun wuce. Ango ba zai shekara yana zumuɗi ba. Rawar kai ita ce ake ɗauka a matsayin hali, wadda ba ta jiran dalili. Saboda haka in ana neman sifar da ta fi dacewa da mutumin da kowane ƙaramin abu ke tayarwa, mai rawar kai ce, ba mai zumuɗi ba.

Kishiyar rawar kai natsuwa ce, wasu su ce nutsuwa ko nitsuwa, kuma asalinta ɗaya da nutsewa, wato abin da dutse ke yi in an jefa shi a ruwa. Natsattse shi ne wanda ya sauka ƙasa ya zauna daram. Al'adar da ta ɗauki wannan a matsayin cikar mutum dole ta sa wa mai rawar kai ido. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka, wadda aka buga a 1974, ya tattaro halaye goma da Hausawa ke auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In aka duba da kyau, aƙalla huɗu daga ciki, wato haƙuri, hankali, kunya da ladabi, duk birki ne. Babu ko ɗaya da ke yabon kuzari ko saurin nuna abin da ke rai.

A fada aka fi ganin wannan ƙa'ida a aikace. Sarki ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, ba ya waige-waige. Amawali ya rufe bakinsa, ko murmushi ya yi ba kowa zai gani ba. Dogarai na biye suna ta faɗin a taka sannu, a yi hattara. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, har laƙabin Takawa ya bi shi, kuma waɗanda suka ga hawansa na sallah sun san yadda yakan zauna bisa doki cikin ƙarar bindigogi da guɗa kamar ba da shi ake ba. Zama da Fulani ya ƙara wa abin nauyi. Daga pulaaku ɗinsu Hausa ta sami kalmar fulako, kawaicin da ke sa mai jin yunwa ya ce ya ƙoshi. A filin sharo kuwa, saurayi na tsaye ana zabga masa bulala a haƙarƙari, yana riƙe da madubi yana duban fuskarsa, duk don jama'a su shaida ko gira bai ɗaga ba.

Addini ma ya zo da nasa ma'aunin. Alƙur'ani ya siffanta ɗan Adam da gaggawa a Suratul Isra'i, aya ta 11, da Suratul Anbiya'i, aya ta 37. Karin maganar nan da ke cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce daga hadisi ta samo tushe. Malamai kuma sukan kawo labarin tawagar ƙabilar Abdul Ƙais da ta zo Madina daga gabashin yankin Larabawa: da isowarsu sai suka diro daga raƙuma suka ruga wurin Manzon Allah (SAW), amma wani daga cikinsu da ake kira Ashajju ya tsaya ya kintsa, ya sauya tufafi, sannan ya ƙaraso. Shi ne aka yaba wa da halaye biyu da Allah ke so, juriya da rashin gaggawa. Abin lura a labarin shi ne waɗanda suka ruga ɗin ƙauna ce ta ja su, ba a kuma tsawata musu ba. An dai fifita wanda ya riƙe kansa.

Ba Hausawa kaɗai ne suka yi wa mai saurin tashi kallon wanda wani abu ya hau ba. Kalmar Ingilishi giddy, wadda ake faɗa wa mai rawar kai da kuma wanda jiri ke ɗiba, a tsohon Ingilishi tana nufin wanda wani abin bauta ya shige shi. Ita ma enthusiasm daga Girkanci ta fito da kusan wannan ma'ana, kuma a Ingila ta ƙarni na 17 da na 18 kusan zagi ce, ana jifan masu da'awar wahayi da ita. Sai daga baya ta rikiɗe ta zama abin da ake nema a wurin mai neman aiki. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin shi ma in yaro ya faɗi yana birgima yana shure-shure cewa yake yi yana bori, in mutum ya ji kunya ya hau faɗa don ya rufe, ya ce borin kunya ne.

Sai dai rawar kai ba ta yi irin wannan rikiɗa ba tukuna, duk da cewa akwai wuraren da take ciyar da mai ita. Yaron da ke tare fasinja a tasha, da mai tallan magani da lasifika, da sanƙira a wurin biki, ba wanda zai ci abinci a cikinsu da fulako. Wasan barkwanci kuwa kusan a kanta ya ginu. Ƙasimu Yero ya yi suna a talabijin ta Kaduna da shirin Karambana, wanda sunansa kaɗai ya faɗi halin jarumin. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya shafe shekaru yana fitowa a matsayin mutumin da ke afka wa kowace harka kafin ya fahimce ta, jama'a na sayen kaset suna dariya. Gizo na tatsuniya ma ai haka yake, zalama da azarɓaɓi ke kai shi su baro. Jama'a na son kallon mai rawar kai, ba su dai son a ce ɗansu ne.

Kuma ma'aunin ba daidai yake ga kowa ba. In an ce yaro na da rawar kai, akan bi da "ƙuruciya ce, zai daina." In yarinya ce, kalmar kan ɗauko wani nauyi da ba a furta ba, na zargin rashin kamun kai, ko da iyakar laifinta shi ne yawan dariya da saurin sabo da mutane. Wannan rashin adalci ne da harshe bai tilasta ba. Nahawun kalmar ɗaya ne ga mace da namiji, masu magana ne suka ƙara gishiri.

Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa masu cewa jiki na rawa ba ƙari suka yi ba. In murna ko tsoro ya zo kwatsam, wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, hannu ya kama karkarwa. Masu cewa zai daina ma suna da hujja, domin sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai aikin taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an kai wajen shekara 25. Amma saurin tashin kansa ya bambanta tun daga zanin goyo. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard da abokiyar aikinsa Nancy Snidman sun gwada ɗaruruwan jarirai 'yan wata huɗu, suna nuna musu kayan wasa masu motsi, suna sa musu muryoyin da ba su saba ji ba. Kimanin kashi 20 cikin ɗari suka riƙa wutsil-wutsil, suna banƙarewa suna kuka. Kimanin kashi 40 kuwa ko a jikinsu. Da aka bi su shekara da shekaru, sai sakamakon ya zo a juye: masu wutsil-wutsil ɗin su ne suka fi zama yara masu noƙewa da tsoron baƙo, waɗanda ba su damu ba kuma suka fi zama masu kutsawa cikin mutane. Wato wani shiru-shirun da ake yabo da natsuwa, cikinsa ne ke rawa.

Akwai kuma yaran da abin nasu ya wuce hali, ya zama larura. Likitoci na kiran ta ADHD, wato rashin iya tattara hankali wuri guda haɗe da yawan motsi, kuma bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100. Irin wannan yaro shi ne wanda ba ya iya zama a aji ko a gaban allo, yana tashi ba dalili, yana katse malam, yana ɓatar da littafi da takalmi, an yi duka har an gaji ba a ga canji ba. A gida da makaranta sunansa mai rawar kai ko mai ƙiriniya, alhali ba da gangan yake yi ba. Alamomin da likita ke dubawa su ne abin ya fara kafin shekara 12, ya ɗauki aƙalla wata shida, yana bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma yana hana yaron karatu ko zama da tsararrakinsa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, da sassan kula da ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, su ne wuraren da ake kai irin waɗannan yara a duba su, kuma maganin yakan haɗa da koya wa iyaye da malamai yadda za su tsara wa yaron aiki gutsure-gutsure, wani lokaci da ƙwayoyin da likita zai rubuta.